Shekarar da Aka Toshe Hanyar Arewa

Kwanan baya jikana ya ɗauke ni a bayan babur ya kai ni Sabon Birni wurin mai maganin ido. Da muka gama, na ce ya bi da ni hanyar arewa in ga wuri. Muka yi ta tafiya har muka tarar da wata rumfar kwano, an gitta gungume a kan hanya, mutane sun yi layi da buhunansu, kowa yana laluben aljihu. Na tambaye shi abin da ake nema. Ya ce, “Takarda, Kaka, wadda za ta nuna kai ɗan wace ƙasa ne.” Na ce ya juya mu koma gida. Tun daga ranar ban samu natsuwa ba. In na zauna a tabarma sai in ji kamar ana kirana, in na miƙe kuma in rasa inda za ni. Ƙafafuna sun tsufa, amma har yau ba su koyi zama ba. Shi ya sa na ga gara in faɗi abin da ke cina tun akwai mai saurare.

Mu da muka tashi, ba mu san ƙasa biyu ba, Gobir muka sani. Garinmu ƙaramin ƙauye ne arewa da Sabon Birni. In an yanke gero ka hau tudun bayan gari, sai tsofaffi su riƙa nuna maka da sanda: can kudu Isa, can yamma kufan Alkalawa inda kakanni suka zauna, nan arewa garin kawunnanka, bayansa Tsibiri da Maraɗi, ga Madawa can gefe. Duk inda sandar ta nuna akwai wani namu, ko gwaggo, ko abokin cinikin Baba, ko wadda aka kai aure. Gulbin da ke ba mu ruwa daga wajen Katsina yake tasowa, ya shiga ƙasar Faransa, ya ratsa ta Maraɗi da Tsibiri, sannan ya karkato ya dawo mana. Ruwan da matan Tsibiri suka yi wanki a cikinsa, shi muke zuba wa albasa da taba a fadama. Zanen da ke kumatuna shi ne a kumatun mutanen can, kuma sau da yawa wanzami ɗaya ne ya yi mana.

Mutane ba su da yawa a lokacin. Tsakanin gari da gari daji ne sosai, na geza da sabara da kalgo, ga zabi ga gada, kura kuwa har bakin danga take zuwa. In ka tashi daga Sabon Birni za ka Isa, sai ka yi tafiya mai tsawo ba ka ji muryar ɗan Adam ba, sai kukan kurciya da ƙarar kofaton jakinka. Yanzu gona ta haɗe da gona, gida ya haɗe da gida. Sabon Birnin da nake ratsawa tun fura ba ta narke a bakina ba, yau in aka sake ni a cikinsa sai in ɓata. Amma ƙarancinmu bai hana gari amo ba. Tun da asuba za ka ji turame sun ɗauka, mata uku a kan turmi ɗaya suna lugude, taɓarya na tashi sama ana tafa hannu kafin ta sauko. Ka ji guga na faɗawa rijiya, ka ji jakai na amsa wa juna daga unguwa zuwa unguwa. Ranar kasuwa kuwa kalangun mahauta ne ke fara tashin mutane, sai ga Buzaye da raƙuma sun sauko da gishiri da kanwa da dabino, fatake sun hauro daga kudu da goro da yadi. Ba wanda ke tambayar wani daga wace ƙasa ya fito. Tambayar ita ce, “Ɗan gidan wa ne kai?”

Iyakar kanta mun san da ita, amma kamar yadda ka san da tsohuwar rijiya a daji. Wani ƙarfe ne Nasara suka kafa tun Baba yana yaro, a tsakiyar wani kurmin goriba, an tara masa duwatsu a gindi. In za mu garin kawunnai, a nan muke ɗaure jaki mu sha fura. Kakata, mahaifiyar Baba, takan ce, “Nasara biyu sunka raba saniya, ba su tambayi saniyar ba.” Amfanin da talakawa suka samu a wurin ƙarfen nan ɗaya ne, ya zama mafaka. In Faransa ta matsa wa mutanenta da aikin tilas, sai ka wayi gari ka ga baƙi sun kafa bukkoki a bayan garinmu. In Ingilishi ya tsananta ƙidayar shanu, sai Fulani su bi burtali su yi arewa. Gari yakan kumbura bana, baɗi ya saɓe. Mai garinmu ya sha kunya a gaban masu ƙidaya, don mutanen da ya nuna musu bara ba su ne suke tararwa ba.

Ni kaina a can hayin aka haife ni. Inna ta tafi ta’aziyyar mahaifinta da tsohon ciki, naƙuda ta kama ta a gidan Kawu, wanta, aka yanke mini cibiya a bayan ɗakinsa. Ba wanda ya ɗauki wannan a bakin komai, sai Nomau, ɗan Kawu, taubashina. Shi ya mai da abin wasa. In ya zo garinmu sai ya ce, “Ina ɗan Faransan da ya gudu ya bar mu da haraji?” In na je nasu kuma ya ce, “Ku ɓoye akushi, ga ɗan Ingilishi nan, ba su ƙoshi.” Dogo ne, mai faɗin kafaɗa, in ya yi dariya har jakai sukan ɗaga kunne. Shi ya auri yayata Kulu, da sonta da son kowa, aka kai ta can gidan Kawu. Kulu ita ce ’yar fari, saboda haka Inna ba ta taɓa kiran sunanta ba, ba ta kuma yi mata magana ido cikin ido. In ta kama dole sai ta ce “waccan”. Kulu ta daɗe a ɗakin miji ba ta samu ciki ba, Inna ba ta taɓa cewa uffan a kai ba, amma ina ganinta tana ba almajiran makarantar allo sadakar gumba duk Juma’a, na kuma san don wa take yi.

Sai babban yaƙin Nasara ya zo. Mu ba mu ga yaƙi ba, labarinsa kawai fatake ke kawowa. Abin da muka gani shi ne, wata ranar kasuwa sankira ya yi shela cewa Ingilishi da Faransa sun ɓata, an toshe hanyar arewa, kada wanda ya je, kada wanda ya zo. Mutane suka yi dariya, don ba su ga ƙofar da za a rufe ba. Amma kasuwa ta biyo baya, ba raƙumi ko ɗaya. Gishiri ya yi wuya har mata suka koma toka. Aka fara jin wane ya tafi bai dawo ba, wane an ƙwace masa jakai. Faransa ta zuba wasu dakarunta masu hawan raƙuma, mukan ce musu gumiye, suna kewaya dajin iyaka. Ni a lokacin na zama saurayi, Baba ya yanka mini gayaunata, ’yar gonar kaina, jinina yana tafasa. Na saba duk bayan kaka in kora jaki in bi kasuwanni har Maraɗi, sai ga ni a tsare kamar ɗan akuya a turke. Nakan hau tudun bayan gari in yi ta kallon arewa har rana ta yi zafi, in sauko ban san abin da na je nema ba.

Cikin rani wata Bafulatana mai tallar nono, wadda danginta ke ratsa daji da shanu, ta shigo gidanmu ta sauke ƙwarya. Bayan an gaisa ta rage murya ta ce wa Inna, Kulu na da ciki, ya tsufa. An kwashe samarin garin Kawu an kai su aikin hanya, har da Nomau. Geron da suka noma kuma an tara shi a rumbunan Faransa an liƙe. Inna ta sayi nono a hannunta, ta raka ta ƙofa, ta dawo ta zauna. Ba ta daɗe ba ta miƙe, ta ɗauki tsintsiya ta share tsakar gidan da ta riga ta share. Da Baba ya dawo daga fadama ta tare shi tun bai ajiye fartanya ba.

“Malam, waccan na can da ciki, ba hatsi, ba miji. Haihuwar fari gidan uwa aka yin ta. Za ni in ɗauko ta.”

Baba ya ce, “Mai gari ya hana. Duk wanda anka kama can, ba mai zuwa biɗarshi. Ki yi haƙuri mu ga abin da Allah za shi yi.”

“Haƙurin nan shi za ta daka ta sha?”

Ban taɓa jin Inna ta mayar wa Baba magana ba sai ranar. Ni kuwa ban jira an tambaye ni ba, na ce na san burtalin Fulani, za ni kai ta in dawo da su. Baba ya dube ni ya ce, “Kai dama ƙafarka ƙaiƙayi takai.” Daga nan ya tashi da kansa ya buɗe rumbu, ya auno gero ya cika taiki biyu.

Muka fita bayan sallar asuba, Inna a gaba da lulluɓi, ni a baya ina kora jaki. Ba mu bi hanyar kowa ba, muka yi ta kutsawa cikin geza, ƙaya na kama mana tufafi. Muka wuce ƙarfen nan daga nesa ba mu tsaya ba. Da la’asar muka hango garin kawunnai. Abin da ya fara gaya mini ba lafiya shi ne shiru. Lokacin dakan tuwo ne, amma babu turmi ko ɗaya da ke amo. A ƙofar mai gari ga manyan rumbuna sababbi, an shafe bakinsu da laka. An ce wa mutanen garin ajiya ce don ranar yunwa, ga yunwar ta zo, ba wanda ya isa ya fasa. A kowane gida mata sun jiƙa anza a tukwane, ’ya’yan itacen nan masu ɗaci da ba a ci sai an rasa, suna ta sauya mata ruwa. Kawu ya fito, na ga ya zama tsoho a shekara ɗaya. Kulu ta leƙo daga ɗaki tana dafa bango, duk ta ƙare, sai ciki da idanu. Inna ta dube ta ta gefen ido ta ce, “Ashe ana nan.” Ta kwance taiki, ta jawo turmi ta hau daka. Kafin ta gama surfe, yaran unguwa sun cika ƙofar gidan, sun ji sautin da suka daɗe ba su ji ba.

Muka bar wa Kawu geron. Ya ce mu tashi da tsakar rana, lokacin da gumiye ke kwance a inuwa. Washegari muka ɗora Kulu a kan jaki, Inna na riƙe da ita, muka kama hanya rana na dukan ƙeya. Tafiyar ba ta sauri, don kowane ɗan lokaci sai Kulu ta ce a tsaya, ta cije leɓe, ta ce a ci gaba. Mun shiga kurmin goriba, ina hango tarin duwatsun ƙarfen, sai jakin ya toge ya miƙe kunnuwa. Gumiye biyu a kan raƙuma suka fito daga bayan itatuwa.

Ɗaya baƙo ne daga wata ƙasa mai nisa, ba ya jin Hausa, shi ne babba. Ɗayan kuwa da ya sauke rawani daga fuskarsa, sai ga zane irin namu. Inna ta gane shi, ɗan wani ƙauye ne kusa da nasu. Ta ce, “Ɗana, dubi fuskarka, ka dubi ta yaron ga. Mace ce za ta gida haihuwa, ba mu ɗauko komi ba.”

Ya kawar da kai ya ce, “Inna, na gane ki. Da ni ɗaya ne da ban gan ku ba. Amma ga wanga, shina ƙirga duk abin da ni yi.”

Baƙon ya yi wata magana da ƙarfi yana nuna mu da bulala. Bagobirin ya ce, wai a mai da mu duka wurin kumandan a Madawa, da mu da jakin. Na dubi Kulu. Ta sunkuya a kan wuyan jaki, gumi na ɗiga daga haɓarta. Ko ni da ban san komai a sha’anin mata ba na san ba za ta kai Madawa ba. Ban yi shawara da kowa ba, na ji bakina yana cewa, “Gaya mishi ni ɗan ƙasarku ne, gidan Kawu anka haife ni. Hannu kuke biɗa wurin aikin hanya, ga hannu. Mata biyu da jaki mi za su yi muku? Ku bar su su wuce, ni in bi ku.”

Inna ta ce, “Rufe bakinka!”

Amma Bagobirin ya riga ya juya yana fassarawa. Baƙon ya dube ni sama da ƙasa kamar mai tayin bijimi, ya taɓa damtsena da bulala, ya gyaɗa kai. Na miƙa wa Inna igiyar jaki. Ta ƙi karɓa, sai da Kulu ta yi wani nishi sannan ta fizge igiyar. Ba ta yi kuka ba. Ta ce, “Allah shi tsare,” ta juya. Ina tsaye har suka wuce ƙarfen, goriba ta rufe su. Sannan aka ɗaura mini igiya a ƙugu aka haɗa da sirdin raƙumi.

Wurin aikin wani fili ne mai duwatsu, babu inuwa, ana shimfiɗa hanyar mota. Mutane ne rututu daga garuruwa daban-daban, wasu na fasa marmara, wasu na ɗauka a kwando, wasu na daɓewa. Tun fitowar rana har faɗuwarta, abinci kuwa ɗan dafaffen gero ne a tafin hannu, ruwa daga wani tafki da ya koma kore. Kwana kaɗan da zuwana, ina ɗauke da kwando, na ji an ce daga bayana, “Kai, ɗan Ingilishi, har nan kwaɗayi ya kawo ka?” Na juya. Muryar ta Nomau ce, amma jikin ba nasa ba ne. Kafaɗun nan sun zube, wuyansa ya yi tsawo. Na ajiye kwando muka rungume juna, mai tsaro ya zuba mana bulala ba mu ji ba.

Da aka tashi aiki na ba shi labari duka. Ya yi ta maimaita tambaya ɗaya: “Ka ga sun ƙetare da idonka?” Na ce na gani. “To, ta sauka lafiya?” Na ce ban sani ba. Wannan rashin sanin shi ya fi dutse nauyi a kanmu. Ba mai zuwa daga kudu, ba mai tafiya. Ko ta kai gida, ko ta haihu a daji, ko tana raye, ba mu da mai gaya mana. In an ba mu hutun azahar, Nomau yakan zauna ya fuskanci kudu, ya riƙa lissafin abin da ba shi da tabbas. Yau ya ce, “Yanzu an yi suna.” Gobe ya ce, “Yanzu ta gama wanka.” Wani lokaci ya ce namiji ne, za shi koya masa kokawa ya riƙa kayar da ni. Wani lokaci kuma sai dai in ga leɓensa na motsi.

Atuni, zawon nan mai jini, ya kama shi da zafin bazara, ruwan tafkin nan ne. Na riƙa cika kwandona in rage nasa, daga baya ya kasa ɗaukar ko wofi. Aka jefa shi a wata rumfar kara tare da sauran marasa lafiya. Nakan ɓoye rabin gerona in dama masa, ya kurɓa kaɗan ya ture. Ranar da zai cika, da la’asar, hadari ya fara haɗuwa a gabas karo na farko a shekarar. Ya ce in ɗaga shi ya gani. Na jingina shi a ƙirjina. Ya ce, “Za a yi shuka ba ni.” Na ce ya bar wannan magana. Ya yi ɗan murmushi ya ce, “Ɗan Ingilishi, in ka tarar da abin da ta haifa, kada ka bari shi yi maraici. Ita kuma ka ce ta yafe mini, ban bar ta da son raina ba.” Ya yi kalmar shahada, na taya shi. Da digar aikin hanya muka haƙa masa kabari a gindin wani kalgo. Wani dattijo daga cikinmu ya yi masa salla. Likkafaninsa rigata ce da tabarmar da yake kwance a kai.

Da ruwa ya sauka sosai aka sallame mu, don Faransa ma tana son a noma mata gero. Na biyo ta garin kawunnai ba riga, ƙafafuna duk sun tsage. Kawu na zaune a zaure yana gyaran ƙotar kalme. Da ya gan ni ni kaɗai ya ajiye. Na durƙusa na gaya masa. Ya yi salati, ya yi ta maimaitawa, hawaye na bin zanen fuskarsa suna sauka a gemu. Can ya share ya ce, “Na ba su gerona, na ba su ɗana. Sauran da ni da su sai gaisuwa.” Ya tashi ya shiga gidajen maƙwabta ɗaya bayan ɗaya, yana shawartarsu a yi ƙaura zuwa garinmu.

Suka jira ranar da aka kwana ana ruwa, fadama ta cika da taɓo, don raƙumi ba ya iya taka santsi. Da gari ya waye kusan rabin garin ya tashi. Ban taɓa ganin irin wannan tafiya ba, ban kuma sake gani ba. Mata da tukwane da turame a kai, yara na kora awaki, tsofaffi a kan jakai. Maza kuwa suka cire jinkar ɗakunansu ɗungum, kowace jinka mutum huɗu ko biyar a ƙarƙashinta, sai ka ga kamar ɗakuna ne suka yi ƙafafu suna ratsa daji. Kawu ya tsaya a maƙabarta ya yi wa iyayensa addu’a, bai waiwaya ba bayan nan. Ni na shiga ƙarƙashin jinkar ɗakin Nomau da Kulu, don Kawu ya ce ba za a bar ta ba. Muka yi ta faɗuwa a taɓo muna tashi, ba mai magana da ƙarfi. Da muka wuce ƙarfen nan wata tsohuwa ta rangaɗa guɗa, sauran mata suka amsa, yara suka fashe da kuka don tsoro. Filin da mai garinmu ya yanka musu a gabas da gari, yau unguwa ce babba mai masallacin Juma’a, jikokinsu ba su ma san daga inda aka ɗauko su ba.

Yara masu kiwo sun riga mu kai labari, saboda haka kafin mu iso duk garinmu ya fito bakin hanya. Da yake jinkarmu ta fi nauyi, ta sha ruwa, mu ne a ƙarshe. Ta ƙarƙashin ciyawa na hango Baba, na hango Inna ta dafa kafaɗarsa a gaban mutane, abin da ba ta taɓa yi ba. Can gefe, a gindin tsamiya, ga Kulu tsaye. Ta yi ƙiba kaɗan. Da goyo a bayanta, wani ɗan kai mai gashi ya leƙo ta kafaɗarta. Na ce alhamdu lillahi a fili.

Ba ni take kallo ba. Duk wanda ya wuce sai ta dubi fuskarsa, ta koma kan na bayansa. Duk jinkar da ta zo sai ta sunkuya ta leƙa ƙafafun da ke ƙarƙashi. Kawu ya wuce ta gabanta kansa a ƙasa, ta gaishe shi, ya amsa bai tsaya ba. Da tamu ta iso ta gane ta, don ita ta yi mata tukku da jan zare. Ta matso da sauri. Muka sauke jinkar a ƙasa, muka fito ɗaya bayan ɗaya. Ta dube mu duka. Ta ɗaga kai ta dubi hanyar da muka fito, babu kowa a kanta sai sawun ƙafafu a cikin laka.

Ta ce, “Akwai saura baya?”

Na ce, “Babu saura, Yaya.”

Ta daɗe tana kallon hanyar. Sannan ta kwance majanyi a hankali, ta juyo da yaron, ta miƙo mini shi. Namiji ne, mai faɗin kafaɗa. Ya kama yatsana da ƙarfi ya kai baki.

Ta ce, “Riƙe shi. Ka faɗa mini komi, kada ka rage.”

Na zauna a gindin tsamiyar da yaron a cinyata, ta zauna a gabana, na fara tun daga ranar da na ji muryarsa a bayana.